Iska kaɗai ba ta hana yis yin barasa ba

Marubucin wannan labari ya ce idan aka kaɗa iskar oksijin cikin ruwan inabi, yis zai daina mayar da sukari barasa. Malam, maganar tana buƙatar gyara. Masanin kimiyyar nan ɗan Faransa, Louis Pasteur, ya lura da hakan, amma yana faruwa ne kawai idan sukarin kaɗan ne. Yis ɗin inabi, Saccharomyces cerevisiae, da zarar sukari ya yi yawa, sai ya ci gaba da fitar da barasa da iskar kabon ko da oksijin ya wadata. Wani masanin kimiyya mai suna De Deken ya bayyana wannan hali a 1966. Ruwan inabi kuwa yakan ɗauki sukari kusan giram 200 a kowace lita.

Abin ya shafe mu sosai, domin wannan jinsin ne ke kumbura burodi da fanke. Shi ya sa masana'antun yis ba sa zuba ruwan sukarin da suke ciyar da yis da shi gaba ɗaya. Kaɗan-kaɗan suke ɗiga shi, suna hura iska, don yis ɗin ya hayayyafa maimakon sukarin ya tafi a barasa. Don Allah a gyara labarin, ɗalibai na karantawa.