Injin da bai taɓa shiga Gidan Makama ba

A 'yan watannin nan shafukan sada zumunta sun cika da hotunan da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira, ana yi musu laƙabi da "Kano a zamanin da", jama'a kuma suna ta yabo kamar an tono wata taska. Duk wanda ya san birnin zai ga rawunan irin na Larabawa ne, gine-ginen kuma sun fi kama da na Maroko, babu zanko, babu azara. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu cewa daga yanzu mai zane ba ya buƙatar wahalar da ƙafarsa.

Idon mai zane ba a ɗaki yake samun horo ba. A 1907 shahararren mai zanen nan Picasso ya shiga gidan adana kayan tarihi na Trocadéro a birnin Paris, ya yi tsaye gaban sassaƙe-sassaƙen Afirka, kuma daga nan salon zanensa ya sauya. A 1958 ɗaliban kwalejin Zariya, irin su Uche Okeke, Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyarsu saboda sun gaji da kwaikwayon Turawa, suka koma ga abin da suka gada a gida.

Matashin da ya wuni a Gidan Makama, gidan tarihin Kano, yana duban tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da yadda magina suka ɗaure rufin soro, sannan ya gangara Ƙofar Mata ya ga yadda baba ya rine hannun marini, ya leƙa mabuga ya ga ƙyallin da rinannen zane yake yi bayan ya sha bugu, ya tara abin da injin ba shi da shi. Ko launin hazon hunturu a kan jar ƙasar ganuwa sai wanda ya shaƙi ƙurar yake iya haɗa shi.

Masu cewa injin ya fi sauri da araha sun yi gaskiya, haka ma jabun kaya.

Laifin dai ba na matasan kaɗai ba ne, domin makarantu da yawa sun mayar da ziyarar gidan tarihi yawon ɗaukar hoto. Ya kamata malaman zane su riƙa kai ɗalibai can da fensir da takarda, hukumomin wuraren kuma su bar su su zauna su yi zane ba tare da an tsangwame su ba.