Ko Taɓa Shi Bai Yi Ba, Ya Ce In Kashe Shi

Wata uku ke nan ina tallafe bayan kare da tsohon tawul safe da yamma. Jiya ya taka da ƙafarsa daga bakin garke har zaure, yana tangaɗi kamar wanda ya sha, kuma maimakon murna sai takaici ya taso mini sabo fil. Takaicin wani mai farar riga ne, wanda ya hango shi daga bakin ƙofa ya yanke masa hukuncin kisa.

Duna karen gadi ne, ba na ado ba. Gidana yana can bayan Ƙofar Ƙaura inda gidaje suka fara tsinkewa, kuma tumaki tara gare ni. Duk mai kiwo a Katsina ya san abin da dare yake nufi yanzu. Shekara huɗu ban rasa ko ɗan rago ba saboda haushin wannan kare. A watan Maris wani mai Napep ya buge shi a ƙugu ya ƙara mai, ko waiwaye babu. Ya jawo jiki gida da ƙafafun gaba, na baya suna sharar ƙasa kamar tsumma.

Na ɗora shi a kan ƙyauren katako don kada bayan ya lanƙwashe. Masu Napep biyu suka ƙi ɗaukarmu, na uku ya ninka kuɗi, ya karanto mini tarihin cire tallafin mai na 2023 kamar ni na cire shi. Na biya. Muka isa wurin da ake duba dabbobi ƙarfe tara, aka karɓi kuɗin kati nan take, shi kuwa mai dubawar sai sha ɗaya da rabi ya shigo. Ya fara da masu shanu, ban ce komai ba, saniya ai dukiya ce. Da layi ya zo kanmu ya tsaya nesa, hannu a aljihu.

"Malam, wannan ai ya gama. Ka sayi allura mu hutar da shi, ko ka kai shi bayan gari."

Na ce, "Likita, ko duba shi ba ka yi ba."

Ya ce ba su da na'urar ɗaukar hoton ƙashi. To, na'ura babu, hannu ma babu? Safar hannu nawa take? Idan ƙyamar kare kake yi, me ya kai ka aikin dabbobi? Wallahi da maɗori na kai wa akuya mai karaya, da ya fi haka tausayi.

Daga nan na tsaya wani kemis, yaron ya miƙo mini diclofenac da paracetamol, wai abin da ke yi wa mutum ai zai yi wa kare. Allah ya taimake ni na kira ɗiyar yayata da ke karatun likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, kafin in ba shi. Har da ɗaga murya: "Kawu, kada ka kuskura! Maganin ciwon jiki na mutane yana huda wa kare ciki, ya lalata masa ƙoda da hanta." Sai ta sa ni yin abin da mai farar riga ya kasa yi, a waya, da kuɗin katin wayata. Ta ce in matse yatsan ƙafar baya da ƙarfi, har kan ƙashi. In ya janye ƙafar kawai ba shaida ba ce, jiki na yin haka ko saƙo bai kai kai ba. Abin dubawa shi ne ya juyo ko ya yi ƙara. Na matse. Duna ya juyo ya kusa cafke mini hannu. Ta ce alhamdu lillahi, lakar ba ta tsinke gaba ɗaya ba, akwai fata sosai. Gwajin bai ci minti ɗaya ba. Minti ɗaya!

Sauran aikin ni da ɗana Sani muka yi shi. Mako shida na farko a killace yake cikin akurki, ba motsi, don bayan ya samu ya zauna. Kowace awa huɗu zuwa shida mu juya shi ɗaya ɓarin, in ba haka ba ƙugu ya yi gyambo, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙudaje. Fitsari ba ya iya yi da kansa, sai na dafa marar da tafin hannu biyu na matsa a hankali, sau uku ko huɗu a rana. Wannan shi ne abin da ba wanda ya gaya mini a wancan ofis, alhali mafitsarar da ta cika ta kwana ita ke jawo ciwon da zai kashe kare kafin ƙafar ma ta warke. Bayan haka tausa, da lanƙwasa kowace gaɓa a miƙe ta kamar mai tuƙa keke, don tsoka kada ta ƙanjame. Da makonnin suka cika muka fara zura tawul ƙarƙashin ciki mu ɗaga shi, mu daidaita masa dagi a ƙasa saboda yana naɗe shi ya taka da bayansa, har fata ta goge sai da na sa masa tsohuwar safar Sani. Ruwa a babban baho ma yana taimako, yana rage masa nauyi ya yi ta wutsil-wutsil da ƙafa, amma jarka nawa ce wurin 'yan garuwa? Famfonmu ya fi wata ba ɗigo.

Jijiya ba ta san gaggawa ba. Yarinyar ta ce wadda ba ta cikin laka, in ta yanke, kusan milimita ɗaya take tohowa a rana. Wutsiya ce ta fara kaɗawa a mako na biyar. Na zauna a ƙasa ina kallonta kamar an yi mini haihuwa.

Maƙwabta kuma ba su bar ni ba. Wani dattijo ya tare ni bayan Magariba: "Yanzu kai da girmanka, najasa kake shafawa?" Na ce, Baba, a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki ake wankewa sau bakwai, kuma an halatta na gadin dabbobi da gona da farauta. Hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa kuwa kowane ɗan Islamiyya ya san shi. Shi dattijon na yi masa uzuri, ba albashi yake karɓa a kan dabba ba.

Yau da safe na koma ofishin da Duna a igiya, yana takawa da kansa. Lokacin allurarsa ta riga-kafin haukan kare ya yi, kuma ba zan ɓoye ba, so nake mutumin ya gan shi a tsaye. Aka sake karɓar kuɗin kati. Muka jira awa biyu a rana. Sai wani yaro ya leƙo ya ce Oga ya tafi taro, allurar kuma firij ɗin kwana huɗu ba wuta, in dawo ranar Litinin.