John Green, Aza, da butar autarmu

Jiya da daddare na gama karanta littafin labarin nan Turtles All the Way Down karo na biyu, kuma tun da na ajiye shi abin ke cina a rai, to bari kawai in zuba muku shi anan, wanda ya ga yayi tsawo ya wuce abinsa ba komai.

Wanda ya rubuta shi John Green ne, Ba'amurke, haifaffen 1977 a Indiyanapolis. Yawancinmu ta The Fault in Our Stars muka san shi, wancan na yara biyu masu ciwon daji da ya fito 2012, aka yi fim ɗinsa 2014 ƴanmata suka sha kuka. Wasu kuma a YouTube suka san fuskarsa, shi da ƙanensa Hank masu tashar koyar da darussa ta Crash Course. Abin da ba kowa ya sani ba shine mutumin nan tun yana yaro yake fama da ciwon da likitoci ke kira OCD, wato tunani ya maƙale maka a kai ya ƙi fita har sai ka yi wani abu da zai ɗan sassauta maka, ka yi ɗin, anjima ya dawo da ƙarfinsa. Mu sunan da muke da shi mafi kusa shine waswasi.

Shi da bakinsa ya bada labarin lokacin da yake ɗan shekara ashirin da ƴan kai yana aiki a wata mujallar littattafai a Shikago, abin ya kayar da shi har ya daina iya cin abinci, Sprite kawai yake ɗura wa cikinsa, sai gida Fulorida ya koma wajen iyayensa aka haɗa shi da likita. Amma wanda ya fi tsaya min a rai shine na baya. Bayan littafin 2012 ya karɓu duniya ta san shi, kuɗi sun shigo, sai rubutu ya ƙi zuwa, shekara biyar bai fitar da sabon labari ba. A tsakanin nan ne ya ajiye maganinsa da tunanin wai maganin ne ke dakushe masa basira. Ba basirar da ta dawo, rashin lafiya ce ta dawo, mai tsanani kuwa. Sai da ya koma kan magani ya samu kansa sannan ya iya rubuta wannan littafin da ya fito a Oktoba 2017.

Wannan ya ishe ni amsa ga masu cewa wai duk mai baiwa sai da ɗan taɓi, ciwon ne sirrin fasahar. Wallahi wanda bai taɓa zama gida ɗaya da mai ciwon ba ne ke faɗar haka.

Yarinyar labarin sunanta Aza Holmes, shekararta 16. Tsoronta ƙwayoyin cuta ne, musamman wata ta hanji da ake ce wa C. diff. Akwai wani kanta a yatsanta na tsakiya da take danna wa farce tun tana ƙarama, sai ta ɓare filasta ta duba ko ya kama ruwa, ta matse shi, ta zuba sanitaiza, ta saka sabuwar filasta, ta zauna, minti kaɗan tunanin ya ce mata anya kin duba da kyau kuwa? Ta san ba ma'ana, nan ne abin tausayin yake, ta fi kowa sanin ba ma'ana amma sanin bai hana ta tashi. Har ta kai ranar da aka kwantar da ita asibiti bayan hatsarin mota ta miƙe tsakar dare ta dinga shan sanitaizar da ke jikin bango don ta kashe ƙwayoyin da take jin suna cikinta. Na kai wajen nan na rufe littafin na fita tsakar gida na sha iska.

Saboda na san wannan muryar, a gidanmu take. Autarmu tana aji ɗaya na babbar sakandare abin ya fara mata, ita ba ƙwayar cuta ba, alwala. Buta ɗaya ba ta isa, ta cika ta biyu, ta uku, ta wanke hannu ta kai gwiwar hannu sai ta dawo farko wai ba ta tabbatar ta yi niyya ba. A kira magariba tana tsugune a bakin rariya, a idar a masallacin unguwa tana nan, wani lokacin har a kira isha'i ba ta tada kabbara ba, in ta tada ɗin ma ta sallame ta sake. Da hunturu hannayenta suka tsattsage har jini. Da farko yabo ma ta sha, ƴan uwa suna cewa kai wannan yarinya akwai tsoron Allah. Daga baya ya koma faɗa, Umma na cewa iyayi ne da ɓarnar ruwa, ni kaina Allah ya yafe min na sha daka mata tsawa in ce ke dai ki daina tunanin mana. Kamar ka ce wa mai atishawa ya daina.

Ranar da na san ba iyayi ba ne, ina kwance ta shigo ɗaki da jiƙaƙƙen hijabi ta ce, Yaya don Allah ki zo ki tsaya a kaina ki ƙirga min, ni na daina yarda da kaina. Tana faɗa tana kuka ba sauti.

An yi addu'a an yi tofi, kuma ni ban raina ko ɗaya ba. Amma da na ce a kai ta asibiti gidan ya ɗau zafi, Umma ta ce ƴarta ba mahaukaciya ba ce, so nake a ji a gari an ce an kai ta Dawanau, wa zai aure ta. Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa cikin duk matasa 7 ƴan shekara 10 zuwa 19 akwai 1 mai fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, mu kuwa kalma ɗaya muke da ita ta rufe duka, hauka, to wace uwa ce za ta yarda a liƙa wa ƴarta ita.

Abin da ya bani mamaki da muka samu ganin likitan, bayan magani, horon da aka ɗora ta a kai shine ta yi alwala sau ɗaya, tunanin ya zo, ta ƙi amsa masa, ta zauna da zafin a ranta har ya sauka da kansa. Ina ji na ce ai wannan mun karanta a Ahalari tun muna Islamiyya, cewa mai waswasi ya yi watsi da waswasin kada ya koma kawo abin da yake shakka a kai. Hukuncin na nan tun tuni. Abin da babu shine wanda zai zauna da yarinya ƴar 15 ya koya mata yadda ake yin watsin alhali ƙirjinta na bugawa kamar zai fashe.

Littafin fa ba wai ba shi da aibu ba. Zancen attajirin da ya ɓace da ladan dala 100,000 ga wanda ya gano shi, da wata dabbar Niyuzilan mai kama da ƙadangare da aka bar wa gado, duk ni ban ga amfaninsu sosai ba, kuma yaran John Green suna magana kamar sun haddace littafin falsafa, ban taɓa haɗuwa da ɗan 16 mai irin bakin nan ba. Inda ya burge ni shine ƙawarta Daisy. Ranar da ta gaji ta fashe ta gaya wa Aza cewa ke kin cika kanki da kanki, ko aikin da iyayena ke yi ba ki sani ba. Da gaskiyarta, ita ma Aza ba laifinta ba ne, kuma marubucin bai zaɓi gefe ba. Duk wanda ya yi jinyar irin wannan ya san gajiyar nan da kunyar da ke biyo bayanta.

Sannan marubucin bai warkar da Aza ba. Soyayyar Davis, ɗan attajirin da ya ɓace, ba ta warkar da ita ba, hasali ma kusantarsa ƙara mata tsoron ƙwayoyin yake. A ƙarshe an nuna za ta girma ta yi aiki ta haihu, ciwon zai sake kayar da ita a kwantar da ita, ta tashi, ya sake dawowa. Karatun farko na ji haushin wannan ƙarshen, so nake a ce min ya wuce.

Autarmu yanzu tana jami'a, buta ɗaya take yi yawancin ranaku, lokacin jarrabawa yakan ɗan taso. Na ba ta littafin a hutun da ya wuce, ta riƙe shi sati biyu ta dawo min da shi ba ta gama ba, ta ce ya yi kama da yawa. Ta naɗe kusurwar shafi ɗaya, wajen da Aza ke canza filasta a banɗaki, ta ce in karanta wa Umma in fassara mata. Har yau ban yi ba, ina ta neman ranar da Umma ba ta da baƙi.