Motar da kududdufi ke yi wa tsirara

Wai a ce motar lantarki, da tsadarta da komai, ruwan sama ya isa ya yage mata murfin ƙasa! Faifan nan fa da ke sa iska ta wuce sumul don caji ya daɗe, ya kuma tare tsakuwa daga wayoyi. A wasu motocin da matsattsen zare aka yi shi, kamar kwali. Da ya sha ruwa sai ya yi laushi, ya yi nauyi. Ka ratsa ruwan da ya kwanta a titi da ɗan gudu, ruwan ya samu kafa ta gaba ya danno shi ƙasa, maƙalan roba su ɓalle, ramukan kusoshi su yage. Sai ka ji ƙurrr, abu yana jan kwalta.

Batirin kam yana cikin akwatinsa na ƙarfe, a rufe ruf. Amsar dillali ce ke ƙona min rai: wai garanti bai shafi wannan ba, ai kai ka shiga ruwa. To duk ranar da hadari ya haɗo in ajiye mota in taka sayyada ke nan?