Farcen tafiya hutu: kwana nawa zai kai kafin ya fara ɓarewa?

'Yan'uwa mata masu shirin tafiya hutu, ku matso mu yi maganar farce. Kowa tambayarta ɗaya idan ta zauna gaban mai gyara: zai kai ni in je in dawo? Ita kuma ta ce sati biyu ko uku ba abin da zai same shi. Ba ƙarya ta yi ba, lissafin zaman gida ta ba ki. Hannun da zai ja akwati, ya wuni a ruwan gishiri, ya sha man kare zafin rana safe da yamma, ba zai bi wannan lissafin ba. Ni dai ra'ayina ba kwana-kwana: tsadar aiki ba ita ke sa shi daɗewa ba. Shirin da aka yi wa farcen kafin a shafa komai, da tsayin da aka bar masa, da ranar da aka zaɓa aka yi aikin, su ne ke riƙe shi.

Jan farce na kwalba, wanda iska ke busarwa, kwana 5 zuwa 7 yake yi a hannu idan ana lallaɓa shi. A bakin teku ki sa ran ɓantarewar farko a rana ta 3 ko ta 4, kuma kusan kullum daga manuniya ko babban yatsan hannun da kike aiki da shi take farawa. Jel, wanda ake gasawa a fitila, yana kai sati 2 zuwa 3, amma in kullum kina cikin ruwa ki ɗora lissafinki a kan sati 2, abin da ya ƙaru riba ce. Na hoda da ake tsoma yatsa a ciki yana kai sati 3 zuwa 4. Akirilik, wato ƙarin farcen roba da ake ginawa a kan naki, ƙarfi gare shi, sai dai yana neman cikon giɓin gindinsa duk sati 2 zuwa 3. Farcen liƙawa na gam sati 1 zuwa 2, wanda ke zuwa da sitika kuwa na fita liyafa ne, kada ki shiga ruwa da shi ki ce an cuce ki.

Ƙafa lissafinta daban. Jan farce na kwalba zalla yana iya kai sati 2 zuwa 4 a ƙafa, jel kuma ya haura wata. Farcen hannu yana tsiro kimanin milimita 3 a wata, na ƙafa kusan rabin haka, don haka giɓin da ke fitowa a gindin farce ya fi saurin bayyana a hannu. Ga shi ƙafa ba ta buɗe gwangwani, ba ta latsa waya, ba ta laluben makulli a ƙasan jaka. Shi ya sa nake ganin jel a ƙafa don tafiyar kwana 10 asarar kuɗi ce kawai. Ki sa na kwalba a ƙafa, ki bar jel ɗin wa hannu. Sai dai in hutun naki duka a kan yashi za ki yi shi ba takalmi, nan kam jel ya fi, saboda yashi gogar bakin farce yake yi a kowane taku.

Babban abokin gabar jan farce ruwa ne, kuma tun daga cikin shago yake fara ɓarna. Farce kamar ƙyauren katako ne da damina: ya sha ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Shi kuwa fentin da ke kansa ba ya iya bin wannan buɗewa da tsukewar, sai ya fara rabuwa daga baki. To idan aka jiƙa miki yatsu a kwano minti goma, aka goge da tawul, nan take aka hau shafi, an shafa ne a kan kumburarren farce. Da yamma zai koma girmansa, ya bar fentin yana lilo. Ki ce wa mai gyara ba kya son jiƙo, ta yi miki a bushe. In kuma an riga an jiƙa, ko kin fito daga wanka, a ba shi kamar awa ɗaya kafin a shafa komai.

A nan ne ake gane ƙwararriya. Za ta tura fatar gindin farce baya a hankali, ta kankare siririyar fatar nan mai kama da leda da ke manne a kan farcen, wadda ido ba ya cika gani. Duk inda fenti ya hau kanta, daga nan zai ɗago. Sannan ta goge farcen da barasar goge-goge ko asiton, ruwan cire jan farce, don maiƙo ya fita. Shafa mai da yin tausa sai an gama, ba kafin shafi ba. Daga nan shafin ƙasa sau ɗaya, launi sau biyu siriri-siriri da tazarar minti 2 zuwa 3, sai shafin sama. Kowane shafi a ja burushi a kan kaifin bakin farcen a rufe shi, domin ta nan ruwa ke kutsawa. A kuma bar ɗan fili kamar kaurin gashi tsakanin fenti da fata. Shafi mai kauri guda ɗaya don a yi sauri, samansa ya bushe cikinsa ɗanye, kafin ki kai mota ya yamutse.

Idan jel ne, kowane shafi yana son daƙiƙa 30 zuwa 60 a fitilar LED, ko minti 2 a tsohuwar fitilar UV, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta a kwalbar. Babban yatsa a gasa shi shi kaɗai, don idan aka cusa hannu duka gefe yake kwantawa, haske ba ya samunsa sosai. Jel ɗin da bai gasu ba yana saurin ɗagowa, kuma abin da ya fi muni, idan yana taɓa fata yana iya jawo borin jini da ba ya warkewa, daga baya ko ina kika sa jel sai yatsu su yi ƙaiƙayi su kumbura.

Ranar aiki kuma, kwana biyu kafin tashi ita ce daidai. Jan farce na kwalba yana yin kamar ya bushe cikin minti 15 zuwa 20, amma bai gama taurara ba sai ya kwana, wani har awa 24. Wadda ta shafa da daddare ta kama hanyar filin jirgi da asuba, zanen zanin gado za ta gani a kai. Ki gama haɗa kaya tukuna, ki rufe zif, ki ɗaga akwati ki auna, sannan ki tafi shago. Kuma jajibirin tafiya ba ranar gwaji ba ce. In ba ki taɓa sa akirilik ko wani sabon jel ba, kada ki fara yanzu, saboda borin jini yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya fito. Zai same ki a garin da ba ki san kowa ba, kina neman mai cire miki.

Tsayi: milimita 2 zuwa 3 gaba da kan yatsa ya isa, da baki zagayayye. Na san masu son dogo mai tsini ba za su ji daɗi ba, amma kowane ƙarin tsayi ƙarin abin da zai maƙale ne a hannun akwati da bel ɗin kujera. Dogon akirilik idan ya bugu ba shi kaɗai yake tafiya ba, da naki na ainihi yake ɗagowa daga nama.

Mu dawo ƙafa, don a nan kuskure ya fi ciwo. Kada ki aske gashin ƙafa cikin awa 24 kafin wankin ƙafa. Reza tana barin ƙananan yanka da ba a gani, ƙwayoyin cuta kuma suna maƙalewa a bututu da rariyar bahon jiƙa ƙafa na shago mai juya ruwa idan ba a wanke su yadda ya kamata ba. A shekarar 2000 a jihar Kalifoniya ta Amurka, mutum sama da 100 suka kamu da maruru masu wuyar warkewa a ƙafafu daga bahon shago ɗaya, kuma an gano cewa waɗanda suka yi aski kafin zuwa sun fi kamuwa. Baho mai ledar da ake canjawa ga kowane mutum ya fi kwanciyar hankali. Kaushi kuma a rage shi da dutsen goga kawai, kada ki yarda a sa miki reza a fere shi tas. Wannan taurin shi ke kare tafin ƙafa, idan aka kwashe shi kika shiga yawon buɗe ido na awa shida, bororo za ki kwasa tun ranar farko. Farcen a yanke shi miƙe, kada a bi kusurwa ana ƙwaƙula, nan ne yake nutsewa cikin nama. Ki je shagon da silifas, ki bar takalmi sau-ciki sai washegari. Mai niyyar hawan dutse ta rage farcen sosai, ta tabbata akwai fili kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban takalmin, domin a gangara yatsu ke dukan gaba, jini ya kwanta ƙarƙashin farce ya yi baƙi. Farcen ƙafa kuwa idan ya faɗi, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi yake ɗauka kafin ya cika. Mai ciwon suga ta gaya wa mai gyara tun kafin a fara, kuma kada a yanke mata fata ko kaɗan.

A can wurin hutun, abin da ya fi saurin lalata aiki mutane ba sa ma zarginsa: maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET. Yana narkar da roba da fenti, sai ki ga farce ya dushe yana danƙo, ki ɗora laifin a kan shago. Ki shafa shi da bayan hannu, ko ki nemi mai sinadarin pikaridin, shi ba ya cin roba. Man kare zafin rana yana dusar da sheƙi, yana kuma sa fari da launuka masu haske su koma rawaya-rawaya. Ba a ce ki daina shafawa ba, fata ta fi farce muhimmanci. Ki goge faratan da jiƙaƙƙen ƙyalle da zarar kin gama. Man tsaftace hannu mai barasa shi ma yana kashe sheƙi in ya yi yawa, inda akwai sabulu da ruwa su suka fi. Bayan kin fito daga teku ko kwamin ninƙaya ki ɗauraye da ruwan daɗi, ki tsane, don gishiri da kulorin, maganin da ake zubawa a ruwan kwami, busar da farce suke yi. Bahon ruwan zafi kuma ki zauna da hannuwa a waje. Iskar cikin jirgi ma busasshiya ce ƙwarai, ɗigon man gindin farce kafin tashi da wani kowane dare yana hana shi bushewa ya yi tsaga.

Launi ma dabara ce. Wanda ya yi kusa da kalar fata yana ɓoye giɓin tsiro da ƙaramar ɓantara. Mai ƙyalƙyali ya fi kowanne riƙo, cirewa ce kawai wahala. Ja mai duhu da baƙi kyau gare su ranar farko, amma ɓantara ɗaya daga nesa ake hango ta. Fari tas ba na ba wa mai zuwa teku shawararsa.

Abin da za ki riƙe a jaka bai da yawa: kwalbar shafin sama, kwalbar launin da aka sa miki in na kwalba ne, magogin farce mai laushi, man gindin farce, da 'yan audugar cire fenti masu zuwa a jiƙe cikin leda. Shafin sama siriri duk bayan kwana 2 ko 3, tare da rufe baki, shi ke mayar da aikin kwana huɗu ya kai sati. Idan wuri ya ɓantare, ki goge bakin ya yi sumul, ki ɗiga launi a gurbin kawai, ki jira minti biyu, ki bi farcen duka da shafin sama. A yawancin filayen jirgi ruwa-ruwan da ke jakar hannu kada kowanne ya wuce mililita 100, kwalbar jan farce ba ta kai ko kusa ba. Sai dai ki ɗaure murfin tam ki sa ta a ledar da ke rufewa, kuma kada ki buɗe ta a cikin jirgi, warin ya ishi maƙwabta.

Idan jel ko akirilik ya fara ɗagowa, kada ki liƙe shi da gam a kan danshi. Ruwan da aka kulle a ciki shi ke raya ƙwayar cutar da ke sa farce ya yi kore. Ki yanke ɓangaren da ya ɗago, ki goge bakin, ki bar wurin ya sha iska, ko ki cire na yatsan gaba ɗaya. Gefen farce in ya yi ja, ya kumbura, yana zogi, karkare ne ke shirin kama ki, asibiti ko kantin magani za ki nufa, ba shagon gyara ba.

Sannan don Allah kada ki zauna a jirgin dawowa kina ɓare jel da haƙori. Duk ɓarin da kika ja, da saman farcenki yake tafiya, kuma na hannu wata 4 zuwa 6 yake ɗauka kafin ya sabunta daga gindi zuwa baki. Ki goge sheƙin sama da magogi, ki shafa mai a fatar da ke kewaye, ki jiƙa auduga da asiton ki ɗora, ki naɗe da takardar alminiyom minti 10 zuwa 15, sai ki ture shi da ɗan tsinken katako. Wanda ya ƙi fita a sake naɗe shi minti biyar, kada a kankare da ƙarfi.