Bill Russell da yaran Damagaram da ba su da mai koya musu

Jiya bayan la'asar na ratsa ta wani fili a Sabon Gari, na tarar da yara kusan goma suna ƙwallon kwando. Kwando ɗaya ne, ragarsa ma ta tsinke tuntuni. Na daɗe tsaye ina kallo. Duk wanda ƙwallo ta shiga hannunsa sai jifa daga nesa, ba mai miƙa wa ɗan'uwa, ba mai komawa tsaron gida. Babba ko ɗaya babu a wurin. Abin ya tsaya mini a rai har dare, muna shayi a fada na kawo zancen Bill Russell, shahararren ɗan ƙwallon kwando na Amurka, samari biyu kawai suka taɓa jin sunan.

An haife shi a 1934 a Monroe, jihar Luwiziyana ta Amurka, ya tashi a Oakland. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 12. Dogo ne siriri, bai iya wasa ba, har aka taɓa cire shi daga ƙungiyar makarantarsu. Da ya shiga sakandare wani malami mai suna George Powles ya riƙe shi, ya yi ta ƙarfafa masa gwiwa. Yaron nan shi ne ya ci kofin jami'o'i sau biyu da San Francisco a 1955 da 1956, ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1956, sannan ya shiga ƙungiyar Boston Celtics ya ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sau 11 cikin shekara 13, takwas a jere daga 1959 zuwa 1966.

Kuma ba da yawan jefa ƙwallo ya yi wannan ba. Maki 15 yake ci a wasa idan an daidaita, amma yana cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando fiye da sau 22. Idan ya tare jifan abokin hamayya a sama, ba ya watsa ƙwallon waje don 'yan kallo su yi ihu, sai ya karkatar da ita wajen nasa su ruga da ita. Wilt Chamberlain, babban abokin hamayyarsa, ya ci maki 100 shi kaɗai a wasa ɗaya a 1962, duk da haka kofi biyu ya ɗauka a rayuwarsa. Wannan darasin yaro ba zai tsinta a bidiyon waya ba, don ba a yanko irinsa a yaɗa. Sai wani ya tsaya a bakin fili ya nuna masa.

A 1966 da Red Auerbach, kocin Celtics, ya ajiye aikin horarwa, Russell ya karɓa, ya zama baƙar fata na farko da ya horar da ƙungiya a NBA. Yana koci yana wasa lokaci guda. Ku dubi nauyin: shi zai ce wa abokin da suka yi shekaru tare ya fita ya huta, shi zai lura da gajiyar kansa. Shekarar farko Filadelfiya ta fitar da su. Ya dawo ya ci kofi a 1968 da 1969, na ƙarshen a gidan Lakers, a wasa na bakwai. Duk wannan yana zaune a yankin Boston, inda aka taɓa fasa masa gida aka ɓata shi saboda launin fatarsa. Daga baya a matsayin koci ya kai ƙungiyar Seattle matakin share fagen kofi karo na farko a 1975, a ƙungiyar Sacramento kuwa bai yi wata nasarar kirki ba. Ban ɓoye wannan ba, horarwa aiki ne mai wuya ko ga gwani.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tun 1959 ya zo Afirka, har Laberiya da Habasha, yana koya wa yara wasan. Ya rasu a Yulin 2022, NBA ta jingine lambar rigarsa 6 a dukkan ƙungiyoyi.

To, yayyena da kuka buga wa makarantu da unguwanni a nan Zinder, ina kuka shiga? Na san da yawanku, wasu na kasuwar Dole, wasu malaman makaranta, wasu na ofis. Na san hidimar gida ta yi yawa, kuma ba wanda zai biya ku ko dala. Amma ku ma wani ne ya koya muku yadda ake lanƙwasa gwiwa a tsare mutum. A cikin yaran jiya akwai wani dogo da ba wanda ke ba shi ƙwallo, yana tsaye ƙarƙashin kwando bai san inda zai sa ƙafarsa ba. Awa ɗaya a mako ta isa a fara da shi.

Ni dai na sayi sabuwar raga yau da safe. Ranar Asabar bayan la'asar, in Allah ya kai mu, ina filin. Wanda ke da usur ko tsohuwar ƙwallo a ɗaki ya taho da su.