Gwamnatin da ta kulle mutane a gida, ciyar da su na wuyanta

Da ƙarfe takwas na daren 24 ga Maris, 2020, Firaministan Indiya Narendra Modi ya fito a talabijin ya shaida wa mutane fiye da biliyan 1.3 cewa daga sha biyun dare kowa ya zauna a gida har kwana 21 saboda annobar korona. Awa huɗu kacal aka ba su. Jiragen ƙasa suka tsaya, motocin haya suka tsaya, masana'antu suka rufe. Kafin mako ya zagayo, manyan tituna sun cika da leburori 'yan ci-rani suna takawa a ƙasa zuwa ƙauyukansu, ƙunshin kaya a ka, yara a kafaɗa, wasunsu tafiyar ɗaruruwan kilomita ce a gabansu. A watan Mayu jirgin dakon kaya ya bi ta kan 16 daga cikinsu kusa da Aurangabad, bayan gajiya ta sa sun kwanta barci a kan layin dogo.

Dokar ta faɗa musu inda za su zauna, ta yi shiru a kan abin da za su ci. Wannan shirun shi ne babban gurbin da annobar korona ta tona a dokokin ƙasashe da yawa, kuma har yau ba a cike shi ba.

Ba na cikin masu cewa kullen gaba ɗayansa zalunci ne. A watan Maris na 2020 babu riga-kafi, babu maganin da aka tabbatar, asibitocin yankin Lombardy na Italiya kuma sun cika har likitoci na zaɓen wanda za a sa wa na'urar numfashi. Shugaban da ya ga haka ya naɗe hannu ya ci amanar jama'arsa. Dokar ƙasa da ƙasa ma ta yarda a taƙaita zirga-zirga saboda lafiyar al'umma, Ƙa'idojin Siracusa na 1984 kuma sun gindaya sharuɗɗa: a yi bisa rubutacciyar doka, ya kasance dole ce ta sa, kada ya zarce gwargwadon haɗarin, kada a nuna wariya. Sharuɗɗa ne masu kyau. Sai dai ni a ganina akwai sauran ɗaya da ya kamata kowace ƙasa ta rubuta ɓaro-ɓaro, wato diyya.

Idan gwamnati ta karɓi filin mutum don ta shimfiɗa hanya, kusan ko'ina a duniya doka ta tilasta mata ta biya shi, domin bai kamata mutum ɗaya ya ɗauki nauyin abin da kowa zai amfana da shi ba. To yinin lebura shi ne filinsa. Mai aikin ofis ya koma ɗaki da kwamfuta, albashinsa na shigowa. Mai dako da mai aski da mai talla, waɗanda rayuwarsu hannu baka hannu ƙwarya ce, su aka ce su ajiye abincinsu don a kare lafiyar kowa, har da ta mai albashin. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 2 ne ke irin wannan aiki da babu takarda babu inshora, kuma awannin aikin da aka yi asara a 2020 sun yi daidai da cikakkun ayyuka miliyan 255.

Ƙasashe masu hali sun biya. Amurka ta zartar da dokar CARES ta kusan dala tiriliyan 2.2, Birtaniya ta ɗauki kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikatan da aka dakatar. Za a ce ai matalautan ƙasashe ba su da irin wannan aljihu, kuma gaskiya ne. Amma Togo ba attajira ba ce, a watan Afrilun 2020 ta ƙaddamar da shirin Novissi: mutum ya danna lamba a ƙaramar wayarsa, a tantance shi da katin zaɓe, kuɗi su shigo masa. Sau da yawa abin da ya gagara shi ne rajistar mabuƙata, wadda ba a yi ba tun ana zaman lafiya.

Akwai kuma masu cewa rabon kuɗin ne ya haifar da tsadar da ta biyo baya, har hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 cikin 100 a Yunin 2022. Yana da hannu, tare da tsaikon jigilar kaya da yaƙin Ukraine. Abin da hakan ke koyarwa shi ne a san wa za a bai wa da kuma ranar dainawa. Bai zama hujjar barin mai dako da yunwa ba.

Irin wannan rashin adalcin ya maimaita kansa tsakanin ƙasashe. A Agustan 2021 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya raba kuɗin ajiya na dala biliyan 650 gwargwadon hannun jarin kowace ƙasa, sai Afirka gaba ɗayanta ta tashi da kimanin biliyan 33, Amurka ita kaɗai ta samu fiye da ninki uku na haka. Sassaucin bashin da ƙasashen G20 masu ƙarfin tattalin arziki suka yi wa matalautan ƙasashe jinkiri ne kawai, 'yan kasuwa masu bin bashi kuma kusan dukkansu suka ƙi shiga. A Nuwamban 2020 Zambiya ta kasa biya. Indiya da Afirka ta Kudu sun nemi a jingine haƙƙin mallakar fasahar riga-kafi a Oktoban 2020, ba a ba da amsa ba sai Yunin 2022, ita ma a gutsure. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na Nuwamban 2021: masana a Botswana da Afirka ta Kudu suka gano sabon nau'in korona mai suna Omicron, suka sanar da duniya nan take, ladan da suka samu shi ne rufe musu hanyoyin jiragen sama. Wace ƙasa ce za ta yi gaggawar faɗin gaskiya a karo na gaba?

A Mayun 2025 ƙasashe mambobin Hukumar Lafiya ta Duniya sun amince da yarjejeniyar tunkarar annoba, wadda ta fito fili ta ce hukumar ba ta da ikon ƙaƙaba wa kowace ƙasa kulle. Ke nan magana ta dawo hannun majalisun dokoki, kuma yanzu da hankali ke kwance ya kamata su zauna. Su rubuta cewa duk umarnin kulle yana da ranar ƙarewa, kuma majalisa kaɗai ke iya sabunta shi, don kada a maimaita abin da ya faru a Hungary a Maris 2020, inda aka bai wa gwamnati ikon mulki da umarni ba tare da wa'adi ba. Su ware asusu, su tilasta sabunta rajistar mabuƙata kowace shekara, a riƙa wallafa abin da aka kashe. Sannan su sa sashen da zai ce idan kwanakin da doka ta ƙayyade suka wuce tallafi bai fara isa hannun mutane ba, umarnin kullen ya faɗi da kansa, kuma duk wanda aka hana nema yana da damar zuwa kotu.